Yahuza a tsakiya

Yau wani abokin aikina ya ja ni majami'ar Waliyyi Yakubu da ke Rothenburg, nan Jamus, wai sai na ga aikin Tilman Riemenschneider. Jibin ƙarshe na Yesu da almajiransa ne ya sassaƙa da itace, bai lulluɓe shi da fenti ba, har jijiyoyin hannuwansu ana gani. Abin da ya tsayar da ni, Yahuza maci amana ne a tsakiya, tsaye riƙe da jakar kuɗi, Yesu kuwa daga gefe yana miƙa masa loma.

Masassaƙin nan fa har magajin garin Würzburg ya yi. Da manoma suka yi bore a 1525, majalisar garin ta bijire wa bishop mai mulki, aka kulle masassaƙin a kurkuku. Ina ta jinjina yadda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ƙawata coci, daga ƙarshe bishop ne ya ɗaure shi.