Wata na biyar da littafin maki: Tendulkar da Lara

'Yan'uwana masu koyon wasan kurket, yau wata biyar ke nan da na buɗe littafin da nake kwafe takardun makin tsofaffin wasannin Tes a ciki, wato kurket na kwana biyar wanda kowace ƙungiya take shiga bugu sau biyu. Watanni huɗun farko sun tafi ne wajen koyon karanta takardar kanta. A wannan wata na ɗora wa kaina aikin da ya fi nauyi, na ɗauki mabuga biyu da suka yi zamani ɗaya, Sachin Tendulkar na Indiya da Brian Lara na tsibirin Tirinidad, wanda ya yi wa ƙungiyar Wes Indis wasa, domin in ga ko lissafi zai iya raba gardamar da ake yi a kansu.

Na fara da alƙaluman da kowa ya sani. Tendulkar ya fara Tes a Karachi a 1989 yana ɗan shekara 16, ya yi ritaya a Mumbai a 2013 bayan wasanni 200, da maki 15,921, kuma ya kai ɗari sau 51. Lara ya fara a Lahore a 1990, ya yi wasansa na ƙarshe a 2006, ya tara maki 11,953 a wasanni 131, ya kai ɗari sau 34. Da a nan aka tsaya, da magana ta ƙare, domin wanda ya shekara 24 a fili dole ya tara fiye da wanda ya yi 16.

Kuskuren da na tafka a makon farko shi ne ya buɗe mini ido, shi ya sa zan daɗe a kansa. Na so in fitar da matsakaicin kowannensu da hannuna maimakon in kwafa, sai na raba makin Tendulkar da yawan shigarsa bugu, wato sau 329, na sami 48.39. Na raba na Lara da shigarsa 232, na sami 51.52. Amma duk inda na duba, matsakaicin Tendulkar 53.78 ne, na Lara kuwa 52.88. Sau uku ina maimaita rabawar, har na fara zargin na'urar lissafin wayata, kafin in tuna cewa a kurket ba da yawan shiga ake rabawa ba, da yawan lokutan da aka fitar da mutum ne. Idan abokan bugunka suka ƙare kana tsaye, ko kyaftin ya ce a dakata haka nan, ko aka ci wasan kana fili, makin da ka samu yana shiga jimilla, amma shigar ba ta shiga abin rabawa. Tendulkar ya bar fili ba a fitar da shi ba sau 33, Lara kuwa sau 6 kacal a duk tsawon wasansa. Sai ka raba 15,921 da 296, ka raba 11,953 da 226, alƙaluman su fito daidai da na littattafai.

Ke nan ba tare da jimillar kowa ta canza ba, hanya ɗaya ta sa Tendulkar a gaba da tazarar da ba ta kai maki ɗaya ba, ɗayar ta sa Lara a gaba da sama da maki uku. Ban ce hanyar da aka saba ba ta da hujja ba, domin wanda ba a iya fitarwa ba bai kamata a lissafa shi kamar wanda aka fitar ba. Amma ƙungiya a ranar wasa makin da aka rubuta mata take ci, kuma a wannan ma'auni Lara yana kawo kimanin maki 91 a kowane wasa, Tendulkar kimanin 80. Tun daga ranar na ƙara layi biyu a kowane shafi na littafina.

Misalin da ya fi nuna mini yadda abin yake aiki shi ne wasan Sidni na Janairun 2004. Tendulkar ya shiga wasan ne bayan ya sha fita da ƙananan maki a wasanni ukun da suka gabata da Ostareliya, inda ƙwallon da ake jefa masa nesa kaɗan da jikinsa, ta gefen da yake fuskanta, take jan shi ya miƙa sanda ya yi kuskure. Sai ya haramta wa kansa wannan bugu gaba ɗaya, alhali yana cikin mafi kyawun bugunsa. Na kalli abin da na samu na bidiyon sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda masu jifa suke ta ajiye masa ƙwallo a wurin da yake sha'awa, shi kuma yana ɗaga sanda sama ya bar ta ta wuce, ya jira wadda za ta zo kan ƙafarsa ya karkatar da ita ɗaya gefen. Ya fi awa goma a haka, ya tashi da 241 ba a fitar da shi ba, a shiga ta biyu kuma ya ƙara 60 ba a fitar da shi ba. Maki 301 suka shiga jimillarsa, abin rabawa bai motsa ba ko kaɗan.

Lara wani irin mabugi ne daban, kuma ko wanda bai san kurket ba zai gane haka cikin minti biyu. Bahago ne, yana ɗaga sanda can sama da kansa kafin ƙwallo ta iso, ya ɗan duƙa, sannan sandar ta sauko kamar bulala. Shi ne ya karya tarihin Garfield Sobers na maki mafi yawa a shiga ɗaya, wato 365, da ya tsaya tun 1958, lokacin da ya buga wa Ingila 375 a Antiguwa a Afrilun 1994. Matthew Hayden ya ƙwace tarihin da 380 a 2003, sai Lara ya koma fili guda, da abokan hamayya guda, a Afrilun 2004, ya buga 400 ba a fitar da shi ba, kuma har yau babu wanda ya kai wannan a Tes. Sai dai ni ban ba 400 ɗin nauyin da na zata zan ba shi ba, domin Ingila ta riga ta cinye wasanni ukun farko na jerin, wannan na huɗun kuma canjaras aka tashi. Abin da ya fi girma a idona shi ne Siri Lanka a 2001, inda ya fuskanci Muttiah Muralitharan, gwanin murza ƙwallo, a gidansa, ya jera 178, 40, 74, 45, 221 da 130, jimilla 688 a wasanni uku, amma duk da haka aka lallasa ƙungiyarsa a dukan ukun.

Wannan ya kai ni ga abin da takardar mutum ɗaya ba ta nunawa, wato su wa ke tsaye tare da shi. A shekarunsa na tsakiya Tendulkar yana da Rahul Dravid da Sourav Ganguly da V. V. S. Laxman da Virender Sehwag kewaye da shi. Lara ya zo ne lokacin da ƙarfin Wes Indis yake zubewa, kuma ya sha kashi a wasanni 63 cikin 131. Na kwafe takardu biyu na shekarar 1999 na ajiye su gefe da gefe, ina kuma ba ku shawara ku yi haka. A Cennai, a watan Janairu, Indiya tana neman 271 a hannun Pakistan, mutum biyar suka fita tana da 82. Tendulkar, da ciwon baya, ya ja ta har 254, ya fita da 136 a hannun Saqlain Mushtaq saura maki 17, sai ragowar suka zube, aka ci Indiya da maki 12. A Barbados, a watan Maris, Wes Indis tana neman 308 a hannun Ostareliya mai gwanayen jifa Glenn McGrath da Shane Warne, mutum biyar suka fita tana da 105, takwas tana da 248. Curtly Ambrose ya tsaya wa Lara, mai tsaron bayan Ostareliya Ian Healy ya saki ƙwallon da za ta fitar da Lara ana dab da ƙarshe, Courtney Walsh, wanda ba a san shi da iya bugu ba, ya jure 'yan ƙwallayen da suka rage masa, Lara ya kammala da 153 ba a fitar da shi ba. Ana kiran na Lara ɗaya daga cikin mafi girman bugu a tarihi, kuma ya cancanta. Amma da hannun Healy ya riƙe, ko da mutanen ƙarshe na Indiya sun samo maki 17, da labaran biyu sun yi musayar wuri, ba tare da ɗayansu ya buga ƙwallo ko ɗaya daban ba. Abin mamaki ma, a wannan karo wanda ake cewa yana da mataimaka shi ne aka bari shi kaɗai.

Ma'auni na ƙarshe da na gwada shi ne gida da waje, kuma a nan ne na sami bambanci mai kauri. Matsakaicin Tendulkar a wajen Indiya ya kusa 55, ya ma fi na gidansa da yake kusan 53, kuma 29 daga cikin ɗarurrukansa 51 a ƙasashen waje ya yi su, tun daga 119 da ya buga a Manchesta a 1990 yana ɗan shekara 17, da 114 a filin Perth mai tsalle da ƙwallo a 1992. Lara ya haura 58 a gida, amma a waje bai kai 48 ba. Saboda wannan kaɗai na rubuta sunan Tendulkar a sama, kuma da fensir na rubuta, domin akwai gyaran da ban yi ba tukuna.

Gyaran shi ne na shekaru. Lara ya tsaya a 2006, Tendulkar ya ci gaba har shekara bakwai, a ciki ya wuce jimillar Lara a Mohali a 2008, ya yi shekarar 2010 mai albarka ƙwarai, sannan ya rufe da kusan shekaru uku da ba ko ɗari ɗaya. Aikina na wata mai zuwa shi ne in yanke wasannin Tendulkar daga Disambar 1990 zuwa Disambar 2006 kawai, in fitar da matsakaicin ta hanyoyin nan biyu, in kuma ware wasanninsu da Ostareliya a shafi na daban, tun da su biyun duk sun fuskanci McGrath da Warne. Wanda yake da lokaci a cikinku ya yi nasa lissafin ba tare da ya ga nawa ba, sai mu gwama, domin kwafar shiga sama da ɗari biyu da hannu ba ta rasa tsallake layi.