Na kulle fayil da hannuna, ya ƙi buɗe mini

Kwana huɗu na yi ina shigar da bayanan 'yan ƙungiyarmu ta manoman albasa: suna, lambar asusun banki, da bashin da ake bin kowa. Irin wannan ba a jefa shi a WhatsApp haka kawai, shi ya sa na ce sai na kulle shi da GnuPG, manhajar kulle bayanai a kwamfuta, kafin in tura wa ma'ajinmu. Ya aiko mini da mabuɗinsa na fili, wato wanda ake kulle masa saƙo da shi amma sai nasa na sirri ke buɗewa, na shigar da shi da gpg --import, muka tantance shi ta waya, haruffa da lambobi 40 da ke shaida mabuɗin suka zo daidai. Na buga gpg --encrypt --recipient da adireshinsa na imel, fayil mai .gpg ya fito, na tura.

Daga nan ne na yi abin da har yau yake ci mini rai. Na goge asalin fayil ɗin da shred -u, umarnin da ke shafe fayil yadda ba a iya dawo da shi, a tunanina ai ga kulallen nan a ajiye, duk ranar da na so sai in buɗe.

Washegari aka ce akwai kuskure a lambar asusun mutum biyu. Na buga gpg --decrypt, allo ya ce: decryption failed: No secret key, wato babu mabuɗin sirrin da zai buɗe shi. Na sake, amsa ɗaya. Ko kalmar sirrina bai tambaya ba. Gumi ya karyo mini.

Sai da na duba da gpg --list-packets na gane. Mabuɗi ɗaya ne tak a jikin fayil ɗin, na ma'aji. GnuPG yakan ƙirƙiri wani mabuɗi na wucin gadi ya kulle bayanan da shi, sannan ya kulle wannan mabuɗin da mabuɗin fili na duk wanda ka ambata. Ni ban ambaci kaina ba. Kwaɗon wani na ɗauka na garƙame akwatina, ɗan makullin kuwa yana aljihun mai shi. Kasancewar ni na kulle ba ta ba ni ikon komai ba, kuma a gaskiya haka ya kamata ya zama. Don haka ne ma aka yi tsarin, tun daga PGP, manhajar kulle saƙo da Phil Zimmermann ya fitar a 1991. Na san wannan a karatu. Ban taɓa kawo wa raina cewa ni ne zan tsaya a waje ba.

Na kira ma'ajin: "Alhaji, don Allah buɗe fayil ɗin nan ka dawo mini da shi." Ya ce kwamfutarsa tana wurin gyara, kuma mabuɗinsa na sirri babu shi a ko'ina sai cikinta. Kwana tara ina roƙon Allah kada mai gyara ya share ta. Da ya share, da aikin kwana huɗu ya bi ruwa, ga kunyar sake bin mutane gida-gida ina neman lambobinsu.

Alhamdulillahi ta dawo lafiya. A daren na buɗe gpg.conf, fayil ɗin saitin GnuPG, na sa layin encrypt-to da lambar mabuɗina, don duk abin da na kulle wa wani ya zama nawa ma yana buɗe shi. Yanzu ba na goge asali sai na ga kulallen ya buɗe a gabana. Alhaji kuma ban bar shi ba sai da ya fitar da nasa da gpg --export-secret-keys ya zuba a filas, ina tsaye a kansa.