Wutar batir a bisa ruwa

Shagona yana nan Yamai, ba nisa da bakin kogi, ni da yara uku. Asalin aikinmu sola ne: faranti a kan rufi, batir a ɗaki, fitila da fanka. Aikin jirgin ruwa daga baya ya shigo, kuma salula ce ta jawo shi. Mai jirgin da ke kai mutane kasuwar Bubon ran Laraba, da masuncin da ke kwana a ruwa, kowa yana son inda zai sa caji da ƴar fitilar da za a gan shi da dare. Sai su zo su ce a sa musu piriz, wato soket irin na mota.

Wanda ya sa na ɗauki aikin da gaske wani dattijo ne mai jirgin fito. Ya shigo da safe da leda a hannu, ya zazzage ta kan teburina. Wayar wuta ce ta narke ta dunƙule.

"Ɗana, duba mini wannan."

"Baba, wa ya ɗaura maka?"

Ya ce wani yaro ne mai gyaran babur, kuma ta yi wata biyu tana aiki lafiya. An jawo ta daga kan batir kai tsaye har gaban jirgi, babu fizibil ko ɗaya, wato ɗan abin da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa. Ta yi ta gugar kan ƙusa har robar ta cinye, ja da baƙa suka haɗu. Suna tsakiyar kogi hayaƙi ya tashi, ga jarkar fetur biyu a gefe, ga mata da goyo. Da filafili ya fizge wayar daga kan batir. Yana ba ni labari hannunsa na rawa, ni ma jikina ya yi sanyi.

Mutanenmu sun raina volt 12 saboda ba ya jan mutum. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarkin ƙasa, kowa na tsoronta, batir kuwa yaro ma yana taɓa kansa. Amma batirin da ke iya tada mota, in bakinsa biyu suka haɗu, amper ɗaruruwa yake turowa a take, waya ta yi ja kamar garwashi. Shi ya sa kafin komai nake sa fizibil a kan jar waya, daf da batir, kada ya wuce santimita 18, kusan taƙi guda. Duk wayar da ke tsakanin batir da fizibil ba ta da mai gadi, don haka gajartarta ita ce lafiyarta. Kuma fizibil waya yake karewa, ba salular da aka jona ba. Piriz irin na mota amper 10 yake ɗauka, wat 120 ke nan, to na amper 10 nake sa masa, kowane piriz da nasa.

Inda muke yawan ja-in-ja da masu jirgi shi ne kaurin waya, don nan kuɗi suke. A mota ƙarfen jikinta ne ke mayar da wuta zuwa batir. Jirgin katako ba shi da wannan, dole waya biyu, ɗaya ta je ɗaya ta dawo. In batir yana baya wajen inji, piriz kuma yana gaba da mita 10, wutar mita 20 take tafiya. Da siririyar waya mai milimita 1.5, in an ja amper 10, sama da volt 2 ne ke zubewa a hanya ya zama zafi. Batir cike yake da 12.6, amma abin da ya iso gaba goma da ɗan kai ne, sai mai jirgi ya ce an sayar masa da mataccen batir. Da mai milimita 6, asarar ba ta wuce kusan 0.6 ba. In cajin salula kawai ake so, 2.5 ta wadatar. Nakan ɗauki alli in yi lissafin nan a jikin ƙofar shago a gaban mutum, don wanda ya gani da idonsa ba ya cewa ana son a ci kuɗinsa.

Wayar gida mai ƙarfe guda ɗaya a ciki ba ta shiga jirgi, jijjigar inji za ta karya ta. Sai mai silili da yawa, mai laushi. In na je kasuwar Katako sayen waya da wuƙa nake zuwa. Ina kankare silin, in ya yi fari na san alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, in ajiye musu abinsu. Wannan wayar a cikin laima rubewa take daga ciki, robar tana nan ƙalau kamar sabuwa.

Ruwan Isa, wato kogin Neja, ba na gishiri ba ne, mun gode wa Allah, amma ƙasan jirgi ba ya bushewa, kullum ana kwarfa. Saboda haka waya ba ta bin ƙasa, cikin tiyo take bi a ƙarƙashin gefen jirgi. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif na hana yarana shi. Matse kan ake da filaya, a sa robar da ke tsukewa da zafi. Bakin piriz ba ya kallon sama, kuma sai mai murfi. Kafin waya ta shiga bayansa nakan bar ta ta ɗan sauka ta hau, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a gwiwar. Tsakiyar piriz ja ce, zoben gefe baƙa, ina gwadawa da mita sau biyu kafin in bari a jona komai. Batir yana cikin akwati a ɗaure, da ramukan shan iska, nesa da fetur gwargwadon yadda jirgin ya bari.

Akwai wani ɗan abu da ke ɓata suna a banza. Piriz mai bakin USB, wanda ke sauke volt 12 zuwa 5, yana tsotsar wuta kaɗan kaɗan ko ba a jona masa komai ba. Jirgi ya yi mako a daure, a zo a tarar batir ya sauka. Makunni guda kusa da batir ya raba wannan gardama. Caji kuwa daga farantin sola da regilata, mai daidaita cajin, muke kawo shi, don yawancin injunan nan na ja da igiya ne, ba su cajin batir sai an ƙara musu kaya.

Kasuwarmu tana buɗewa ne daga Afirilu zuwa Yuni, lokacin da ruwa ya ja baya, aka fito da jirage tudu ana toshe su. Nan ne zafin Yamai yake kan ganiyarsa, da asuba muke fita mu tashi kafin azahar.

Jirgin Baban nan mun sake masa waya daga farko, piriz biyu da fitila ɗaya. Na zuba masa fizibil biyar a cikin ƴar kwalbar magani, na ɗaure ta a jikin akwatin batir. Na ce, "Baba, in ya ƙone ka sa sabo sau ɗaya. In ya sake ƙonewa, kashe makunni ka kira ni, kada wani ya cusa maka takardar sigari a ciki." Bana da ruwan Gine, cikar kogin da ke gangarowa daga ƙasar Gine, ya iso a watan Janairu ya turo jikansa da kifi, da saƙon cewa biyar ɗin suna nan, kuma ƙanin Baban na son a duba masa nasa jirgin.