Ɗakin yuro 85 da ya hana mu barci a Malta

Yuro 425 na bar wa mai gidan da muka fara sauka a Malta, ƙaramar ƙasar tsibiri a tekun Bahar Rum, kuɗin kwana biyar da ba mu yi ba. Har yau idan na juya su zuwa naira a raina sai na ji wani abu ya tokare min maƙoshi. Abin haushin kuma, an gargaɗe ni tun kafin mu tashi.

Lokacin haɗa takardun bizar Shengen ne, ta shiga ƙasashen Turai, ana son shaidar masauki, ni kuma ina sauri. Na ga wani gida mai ɗaki biyu da kicin, an rubuta St Julian's, minti biyar zuwa bakin teku. Farashi biyu aka ba ni: yuro 98 a kwana idan ina son damar fasawa, ko 85 idan na biya duka nan take ba maidowa. Na lissafa kwana bakwai, na ga zan tsira da yuro 91, na danna na arhan ina jin kaina gwanin ciniki.

Saura mako biyu tafiya na tura wa wani abokina da ya yi karatu a can adireshin, don ya gaya min motar da zan hau daga filin jirgi. Bai ba ni amsar mota ba, kirana ya yi. Ya ce, "Malam, da iyali za ka Paceville?" Na ce masa St Julian's ne. Ya ce ai Paceville ɗin unguwa ce a cikin St Julian's, kuma nan ne matattarar gidajen rawa da mashaya na ƙasar gaba ɗaya. Da na ɗauki na 98, a daren nan zan soke in nemi wani. Tunda kuɗi sun riga sun fita, sai na shiga lallashin kaina: mu da muke barci janareton maƙwabci na ruri a gindin taga, mu da ake kwana ana kiɗan biki a layinmu, wace hayaniya ce za ta gagare mu? Ban ma faɗa wa uwargida ba. Wannan ɓoyon shi ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farkon tsada a gida.

Mai gidan bai yi ƙarya ba, gara in faɗa. Ɗakunan tsaf suke, teku kuwa ga ta nan, ɗan gaɓar St George's Bay mai yashi. Da la'asar muka isa, unguwa shiru kamar ta ma'aikata. Wajen sha ɗaya na dare aka fara. Janareto ƙara ɗaya yake yi, kunne ya saba ya manta da shi. Wannan kuwa dukan ganga ne da ke shigowa ta bango da ƙafar gado, ga ihun matasa 'yan hutu a ƙarƙashin baranda, ga fashewar kwalba jefi-jefi. Sai dab da asuba aka lafa, na yi sallah na kwanta, motar kwashe shara ta iso tana juye kwalabe. Ƙaramar 'yarmu ta tashi sau uku tana kuka. Da safe na fita neman burodi da babban, ɗan shekara takwas, muna tsallake abin da masu maye suka bari a gefen titi, yana tambayata, "Abba, me ya sa wancan yake barci a ƙasa?"

Dare na biyu uwargida ta zauna a bakin gado da yarinya a kafaɗa, ta ce, "Abban yara, ka san haka wurin yake?" Na yi shiru. Shirun ya ba ta amsa.

Washegari muka tattara. Sai dai makon 15 ga Agusta ne, bikin Santa Marija, lokacin da su kansu mutanen Malta suke rufe shaguna su tafi hutu, ɗaki ya yi wuya ko'ina. A Mellieħa, can arewacin tsibirin, na samu wani a hannun wasu tsofaffi mata da miji. Matar ta juya ta yi wa mijin magana da yarensu, sai na tsinci "mija u erbgħin". Kunnena ya kama arba'in ɗin sarai kafin ta fassara: 140. Yaren Malta daga Larabci ya tsiro, hamsin da sittin ɗinsu kusan irin namu ne, Ubangiji ma "Alla" suke ce masa duk da Kiristoci ne. Daɗin gane maganar bai rage ko sisi ba. Kwana biyar, yuro 700. Irin wannan gidan na gani a 110 lokacin da nake bincike a watan Mayu, na wuce shi wai ya yi tsada. Araha ba ta ado, an faɗa.

Mellieħa ta ba mu barci, ta ba yara Għadira, gaɓar yashi mafi girma a tsibirin, ruwan ba zurfi, yaro zai yi nisa bai wuce ƙugunsa ba. Amma garin a kan tudu yake, tekun tana ƙasa. Gangarawa da safe wasa ne, hawowa da rana tsaka da goyo da jakar kaya kuwa sau ɗaya muka gwada.

Nan kuma taswira ta sake yaudarata. Tsawon tsibirin duka kilomita 27 ne, sai na ɗauka ko'ina kusa ne. Daga Mellieħa zuwa Valletta, babban birnin ƙasar, a bas sai da muka haura awa ɗaya. Layin 41 da 42 daga tashar jirgin ruwan zuwa tsibirin Gozo da ke Ċirkewwa suke tasowa, don haka kafin su zo kanmu sun cika da waɗanda suka sauko daga jirgi, direba ya ɗaga hannu ya wuce. Ranar Juma'a na nufi babban masallacin garin Paola, wanda Gaddafi ya aza harsashinsa a 1978. Bas biyu suka wuce ni, na uku ya kai ni Valletta, na canja wani, na isa an idar da huɗuba. Da dawowa na haƙura na kira tasi ta waya, wani kuɗin da babu shi a lissafi.

Ƙananan abubuwa ma sun taru. Na'urar sanyaya ɗaki a gida na biyu da mita take, sai ka jefa tsabar yuro, kuma a zafin Agusta ba wanda zai yi rowar jefawa. Akwai harajin muhalli, santi 50 kan kowane babba a kwana lokacin da muka je. Ruwan famfo yawancinsa daga teku ake tace shi, akwai ɗan gishiri-gishiri, sai muka koma na roba, ni ke ɗauko shi zuwa hawa na biyu. Abu ɗaya da bai ci min kuɗi ba shi ne soket, mai baki uku ne irin namu, gadon Birtaniya da ta mulke su har 1964.

Sauran unguwannin na zaga su da idon mai neman inda ya kamata ya sauka tun farko. Valletta kyakkyawa ce, yawancin bas-bas na tsibirin a can suke haɗuwa, amma matakala ce ko ta ina, tsofaffin gidajenta da yawa ba lif, ba kuma yashin da yaro zai yi wasa. Da dattijuwa a tafiyar ba zan fara ba. Buġibba da Qawra sun fi sauƙin kuɗi, manyan otal-otal jere, da tashar bas tasu, sai dai yawancin gaɓarsu dutse ce kuma dandalin Buġibba ma ba ya barci da wuri. Gozo, minti 25 a jirgin ruwa, ta fi ko'ina natsuwa, amma wanda ya sauka can ya ƙudura zama can, kada ya ce kullum zai tsallako.

Inda raina ya kwanta shi ne Sliema da Gżira, ta ɓangaren da ke kallon Valletta. Ƙaramin jirgin ruwa na tsallaka da mutum birnin cikin kamar minti goma, babu cunkoso, ga shagunan kebab na Turkawa inda za ka tambayi halal a ba ka amsa kai tsaye. Yashi ne babu, kan faffaɗan dutse ake zama a sauka ruwa ta tsani. Da can muka sauka, da na ware kwana biyu mu je Għadira don yara, shi ke nan. Abin da ya fi ci min rai, daga Sliema zuwa titin da ya hana mu barci tafiyar ƙafa ce ta bakin teku. Ɗan wannan tazarar ce ta raba hutu da azaba, kuma a shafin neman masauki duk ɗigo ne kusa da ɗigo.

Ban ƙara yarda da sunan gari shi kaɗai ba, sunan titi nake nema, in buɗe hoton titin in ga abin da ke ƙasan ginin da na maƙwabtansa. Sharhin baƙi kuma daga masu ƙorafi nake fara karantawa, na watan da zan je. Bayan mun dawo na koma shafin gidan farko, sai ga mutum huɗu sun rubuta maganar hayaniya ɓaro-ɓaro, ɗaya har da shawarar a zo da abin toshe kunne. Suna nan tun ranar da na biya, ni ne na tsaya a hoton baranda.

Bana uwargida ta karɓe aikin neman masauki daga hannuna. Na ce mata ai na koyi darasi. Ta ce ta sani, ita ma ta biya kuɗin makarantar, ta miƙo hannu na ba ta katin.