Asabar a gareji: BMW mai hayaƙi da tiyon dawo da mai

Mota ɗaya ce ta cinye mini yinin yau. BMW ce, E36 325i ƙirar 1994, mai injin M50 silinda shida, lita 2.5. Kamfani bai yi ta da turbo ba, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa tana tura ƙarin iska cikin injin. Mai ita, wani matashi cikin masu wasan mota, shi ya sa aka ɗora mata turbo ƙirar Holset HX35, irin wanda ake cirowa daga injin dizal na Cummins mai lita 5.9. Tun ranar da aka ɗora take fitar da shuɗin hayaƙi, musamman in ta daɗe a silo ko aka saki totur bayan gudu. An ce masa turbon ne ya mutu, ya sayo wani, hayaƙi bai fasa ba. Jiya ya kawo ta yana cewa, "Oga, sil kawai za ka canza mini, an ce shi ne yake yoyo."

Da safe ban taɓa sil ba. Na cire tiyon iska na kama sandar turbon da yatsa. Tana ɗan motsi gefe da gefe, wanda haka turbo mai bushin yake in babu mai a ciki, amma ba ta shiga ba ta fita, fuka-fukan kuma ba su goga jikin gidansu ba. Na auna matsin silinda shidan, sun zo kusan daidai. Inji lafiya, turbo lafiya, amma ga baƙin mai kwance a tiyon iska har cikin intakula, mai sanyaya iskar da turbo ke turawa. Sai na ce wa yara su tura ta kan rami.

Abin da na gani a ƙasa ya ɓata mini rai ƙwarai, don kuɗin yaron nan ne aka ɓarnatar a kan abin da duba ɗaya zai nuna. Tiyon da ke dawo da mai daga turbo siriri ne, irin na fetur, cikinsa bai fi milimita 10 ba. Ya sauko, ya kewaye ƙafar inji, ya yi ciki ƙasa, ya sake ɗagowa, sannan aka ɗaura shi a ramin notin da ake juye mai, can ƙasan botom filet, wato kwanon da man inji ke taruwa a ciki. Wannan rami zarensa milimita 12 ne kacal, kuma kullum yana nutse cikin mai. Man da ya fito daga turbo sai ya ture duk man da ke cikin kwanon kafin ya sami wurin shiga, kuma ba shi da ƙarfin yin haka.

Na tsayar da yaran biyu a cikin ramin na yi musu bayani, don wannan ne darasin da nake so ya zauna musu. Mai yana shiga turbo da ƙarfin famfon inji, ta siririn bututu. Amma wajen fita babu famfon da ke tura shi, nauyinsa ne kawai yake saukar da shi. Sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, tana kaɗa man har ya zama kumfa, kumfa kuwa ta fi ruwan mai cin wuri da jinkirin gangara. Kuma abin da mutane ke kira sil a cikin turbo ba roba ba ce. Zoben ƙarfe ne mai ɗan tsagu, kamar ringin fistin, aikinsa ya hana hayaƙi da iska shiga gidan tsakiya, inda sandar ke juyawa cikin mai. Ba a yi shi don ya tare man da ya taru ba. Muddin man yana zubewa da sauri, ko kusa da zoben ba ya taruwa. In hanyar ta toshe, sai ya cika gidan ya bi ta tsagun, rabi ya ƙone a salansa, rabi ya bi iska ya shiga inji. Na ce musu su tuna indararon soro da damina: in ya yi ƙanƙanta, ko bai gangara ba, ko bakinsa ya nutse, ruwan ba zai tsaya jira ba, ta cikin azara zai bi ya sauko ɗaki.

Ƙa'idar Holset kan wannan turbo a bayyane take. Cikin bututun dawowa kada ya gaza milimita 19, gangararsa kuma kada ta gaza digiri 30 daga kwance. Namu rabin wannan faɗi ne, gangara kuwa babu. Da na kwance bakin da ke manne da gindin turbon, sai na tarar an shafa gam ɗin silikon a maimakon gasket, ya matso ciki ya rufe wani sashe na ramin. Gidan tsakiyar ma an bar shi a karkace, ramin fitar yana kallon gefe.

Wajen ƙarfe goma mai motar ya iso da shawarar abokansa. Wai a sa ɗan noti mai ƙaramin rami a bututun shiga, a rage man, hayaƙi zai tsaya. Na ce masa, "Alhaji, zai tsaya, amma turbon zai bi shi." Irin wannan noti mai ramin kusan milimita 1 na turbo mai boris ne, wanda mai kaɗan ke isar sa. HX35 kuwa sandarsa a kan mai take yawo tsakanin bushin, kuma babu ruwan lagireto da ke ratsa shi, man ne kaɗai ke kwashe masa zafi. Ka rage masa mai, ka yanke masa abinci da ruwan sha a lokaci guda.

Ya sake cewa, to a huda kwanon yana jikin mota, a shafa giris a bakin abin hudar ya kama garin ƙarfen, kamar yadda ya gani ana yi. Na san ana yi, wasu ma suna tsira. Ni dai ba na yi. Kwanon M50 na alminiyam ne, garinsa mayen ƙarfe ba ya kama shi, ɗan abin da ya kuɓuce kuma famfon mai ne zai ja shi. Mital ɗin inji ya fi kuɗin aikin sauke kwano tsada nesa ba kusa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yadda ka gani, Oga."

Sauke kwano a E36 aiki ne. Sai an rataye inji daga sama, a sassauta kurosmemba, ƙarfen da inji ke zaune a kansa, a sauke ta ƙasa kaɗan, sannan kwanon ya sami hanyar fita. Mun gama wannan kafin azahar.

Zaɓen wurin hudawa shi ya fi cin lokacina, kuma nan ne wannan inji yake da wuyar sha'ani. BMW ta kwantar da shi digiri 30 zuwa dama, ɓangaren salansa ke nan, inda turbon yake. Saboda wannan kwanciya, man da ke cikin kwano ya fi matsowa kusa da leɓensa a wannan gefe, wurin da ya rage a sama kaɗan ne. Na wanke kwanon tas, na ɗora shi a kan benci a karkacen da yake zama a mota, na zura gejin mai, na zuba ruwa har ya kai layin sama, na ja alama. Sannan na zaɓi wuri sama da alamar, can kusa da leɓe, inda kan notocin kwanon ba za su hana ɗaura tiyo ba, kuma man da ke shigowa ba zai faɗa kan kuranshaf yana juyawa ba. Sa'a ɗaya da muka yi, motar mai sitiyari a hagu ce, irin wadda muke hawa tun da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, don haka sandar sitiyarin tana ɗaya gefen, ba ta tare mana hanya ba.

Bayan sallah na aiki babban yarona Ƙofar Ruwa da ma'auni a rubuce: tiyo mai jure zafin mai, cikinsa inci uku bisa huɗu, da kilif masu kyau, da rigar tare zafi. Na gargaɗe shi kada ya karɓi tiyon ruwa ko da ya yi kama, don baƙin mai mai zafi yana kumbura shi ya yi laushi ya lotsa daga ciki inda ido ba ya gani. Ni kuma na ɗauki kwanon na kai wa dattijon da ke mana waldar agon. Ya juya shi a hannu, ya ce, "Ɗana, alminiyam ɗin da ya shekara talatin yana shan mai sai an gasa shi tukuna, in ba haka ba waldar za ta yi ƙuraje." Ya bi wurin da wuta a hankali har man da ya jiƙa ƙarfen ya daina tsattsafowa, ya goge, sannan ya ɗora bakin bututun yana kallon sama ya zagaye shi. Na zuba kananzir a kan waldar na jira, ko ɗigo bai ratsa ba. Allah Ya ƙara wa hannun nan albarka.

Tun da kwano yana ƙasa, na duba notin da ke riƙe da haƙorin famfon mai. Duk mai aikin M50 ya san shi: zarensa na hagu ne, kuma yakan kwance a motar da ake yawan kai wa ƙarshen totur, in ya faɗi kuwa matsin mai ya tafi nan take. Na wanke zaren, na sa gam ɗin noti, na ɗaure, na huda gefensa na ɗaure da waya.

Da la'asar muka koma kan turbon. Na sassauta notocin gidan wuta, ɓangaren da hayaƙi ke bi, da babban zoben gidan iska, na juya gidan tsakiya har ramin shiga ya kalli sama, na fita ya kalli ƙasa sosai. Na kankare silikon, na sa gasket na takarda a bushe. Daga gindin turbon na fara da guntun bututun ƙarfe, don nan ne ya fi kusa da manifol, inda hayaƙi mai zafi ke fitowa daga inji, roba ba za ta daɗe ba. Tiyon ya karɓa daga ƙasa, ya bi ta gaban ƙafar inji da lanƙwasa ɗaya mai faɗi. Na yanke shi daidai tsawon da ake bukata, don rarar tiyo ita ke yin ciki ta tara mai. Na bi shi da hannu daga sama har ƙasa, babu inda ya kwanta.

Saura abu ɗaya da na lura da shi tun safe. Tiyon numfashin inji, wanda ke fitowa daga murfin sama, an bar shi a haɗe da hanyar iska kamar yadda kamfani ya yi. A da wurin nan iska ake zuƙa. Yanzu da turbo, iska ake turawa, tana bin tiyon tana cika cikin inji da matsi, matsin kuma yana hawowa ta bututun dawowa yana tokare man. Ko da bututu mai faɗin hannu ka sa, in ka bar wannan, hayaƙi zai dawo. Na toshe tsohon wurin, na bi da numfashin ta gwangwanin tara mai, daga nan zuwa gaban bakin turbon.

Ana kiran magariba muka zuba sabon mai da sabuwar filta. Bayan mun idar, na cire fiyus ɗin famfon fetur, na zare ƙarshen tiyon dawo da mai na sa a gora, yaro ya yi ta murza makulli har mai ya zubo. Na mayar, na ɗaure, muka tayar. Ta yi hayaƙi da farko, mai motar ya dube ni. Na ce masa tsohon man da ke kwance a salansa ne, sai ya ƙone. Muka bar ta a silo har fanka ta ɗauka, hayaƙin yana raguwa har ya ɗauke. Na shiga rami da tocila, walda a bushe, kilif a bushe.

Ya so ya tafi da ita a daren nan, na hana. Intakula tana nan da mai a ciki, gobe za a cire a wanke da fetur a shanya. Litinin da safe zan hau da ita hanyar Zariya in taka ta sosai, in dawo in sake buɗe tiyon iska in duba. In ya fito a bushe, sai ya zo ya ɗauki makullinsa, da sharaɗin in ya yi gudu ya riƙa barin ta a silo minti biyu kafin ya kashe.