Asabar: Auta ya zo hutu

Tun jiya Inna take aiko min cewa in zo da wuri, don haka ina sallame yara na hau Keke Napep daga Samaru. An yi ruwa da asuba, Kwangila duk ta caɓe. Na iske gidanmu na Tudun Wada cike da maƙwabta 'yan sannu da zuwa, shi kuma Auta yana zaune a kan tabarma a gindin darbejiya, ya rame, ya yi baƙi, amma dariyarsa tana nan yadda na san ta.

A gida kowa ya san soja ne, a nan Daffo na barikin Chindit ya yi kurtu, daga baya aka tura shi makarantar injiniyoyin soja da ke Makurɗi. Abin da Inna ta ɗauka shi ne gada da hanya suke ginawa. Ni ma sai yau na ji ainihin aikin daga bakinsa dalla-dalla: yana cikin masu shiga gaban ayarin motoci a Borno suna neman bam ɗin da aka binne.

Bayan la'asar ya ce in raka shi ya gaida gwaggonmu a cikin birni. A hanya na lura ba ya kallon fuskar mutane, ƙasa yake kallo. Kusa da Ƙofar Doka akwai inda aka haƙa rami aka mayar da ƙasa, wataƙila masu gyaran famfo ne. Kawai na ga ya rage tafiya, ya riƙo gefen mayafina ya kewaye da ni ta ɗaya ɓangaren, bai ma san ya yi ba. Da na yi magana sai ya ce, "Yaya, ido ne ya saba. Sabuwar ƙasa a kan tsohuwar hanya ba ta barina in wuce."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce suna fita ne gari na wayewa, a ƙafa, motoci na biye da su can baya. Na'urar gano ƙarfe a hannu, tana ƙara ga kowane tsohon ƙusa da gwangwani da kwanson harsashi, kuma kowace ƙara sai an ɗauke ta da gaske, ko da ita ce ta ɗari a ranar. In abin ya yi kama da gaskiya, kowa ya ja baya, mutum ɗaya ya rage. Ya kwanta rub da ciki, ya riƙa share ƙasa da yatsu da ɗan buroshi, kaɗan-kaɗan, har ya ga waya ko bakin jarka. Ya nuna min da hannunsa a kan katangar gidan gwaggo yadda ake yi. Yatsun nan da na sani suna fizgar tuwo tun yana yaro, yau na ga suna tafiya a hankali kamar na ungozoma. Ya ce damina ta fi wuya, domin ruwan dare ɗaya yana shafe alamar haƙa gaba ɗaya.

Na tambaye shi rigar nan mai kauri da muke gani a talabijin. Ya ce nauyinta ya haura kilo 30, kuma a zafin Borno da ke wuce digiri 40 ba mai iya share hanya mai nisa a cikinta. Tana tare ɓaraguzai da wuta, amma in bam ɗin babba ne kuma kana kansa, riga ba ta da abin yi. Tafin hannu ma yawanci a buɗe yake, saboda da yatsu ake jin abin. Akwai mutum-mutumin da ake turawa daga nesa, sai dai ba ko'ina yake shiga ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ya ce wanda ya dasa bam ɗin ya san za ka zo. Wani lokaci na farkon tarko ne kawai, na biyun yana gefe yana jiran wanda zai durƙusa, ko waɗanda za su rugo ɗaukar masu rauni. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, in ji shi, don haka kafin ka taɓa komai sai ka zauna ka yi tunani irin na mutumin da ya zo da dare yana son kashe ka.

Mu mutanen Zariya mun san ƙarar abin. Ranar 7 ga Yuli, 2015, lokacin da bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari da ke Dogarawa ana tantance ma'aikata, mutum fiye da 20 suka rasu, cikinsu har da malaman makaranta irina. Ranar kowa gudu yake yi daga wurin, kuma babu laifi a gudun. Amma akwai waɗanda aikinsu shi ne su nufi inda ake gudowa, su duba ko akwai saura. Ban manta Sajan Sunday Badang ba, ɗan sandan sashen kwance bam da wata leda ta tashi da shi a Unguwar Sarki a Kaduna cikin Fabrairun 2012, jama'a na tsaye suna kallo, babu rigar kariya a jikinsa. Mutane suka yi ta tura bidiyon waya zuwa waya, wasu har suna cewa ganganci ya yi. Ni dai har yau ina ganin abin da ya kamata a tambaya shi ne me ya sa ya isa wurin da hannu biyu kawai. Wanda za a tura wa mutuwa a madadinmu, mafi ƙarancin haƙƙinsa a ba shi kayan aiki, a kuma riƙe iyalinsa in ta Allah ta kasance.

Da magariba Abban yara ya zo ɗaukata, hira ta koma kan tarihi, abin da yake so. Ya kawo labarin Landan a Satumban 1940, yadda sojojin Ingila suka kwana uku suna haƙo wani ƙaton bam na Jamus da ya nutse kusa da cocin St Paul's, suka ɗora shi a mota suka fita da shi bayan gari suka tayar. Auta ya ce shi abin da ke damunsa ba wannan ba ne, bam bai san an gama yaƙi ba. Rumbun makamai na Ikeja ya fashe a Janairun 2002, ya ci rai fiye da 1,000, amma sai ga shi a 2023 sojoji na sake bin wurin suna kwashe ragowar da ba su tashi ba. Ya ce gonakin Bama da Gwoza da Damboa za su daɗe suna buƙatar irinsu bayan an ajiye bindiga, kuma yara 'yan gwangwan masu tsintar ƙarfe su suka fi ba shi tsoro. Ya roƙe ni in gaya wa ɗalibaina: ƙarfen da ba ka sani ba kada ka taɓa, kada ka jefe shi, ka koma ta inda ka fito ka kira babba. Zan faɗa musu ranar Litinin a wurin taron safe.

Ashe Inna tana jin mu daga ɗaki. Ta fito ta ce, "Auta, ba za su sauya maka wani aikin ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, in na bari wani za a sa, kuma wanda bai kai ni sanin hanyar ba. Ki dai ci gaba da addu'a." Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce Allah ya tsare gabansa da bayansa, ya tsare na tare da shi. Muka ce amin.

Talata zai koma. Inna ta ba ni kuɗi in biya kasuwar Sabon Gari gobe in sayo masa yaji da ƙuli-ƙuli da man zafi, ta ce in ƙaro har na abokan aikinsa.