Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ajin Kimiyya a Tsibirin Pemba

Jama'a, assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne a inda jirgin ruwa ya sauke ni a tashar Mkoani, mota ta kai ni wajen Wete, inda makarantar da aka tura ni take. Ga wanda bai bi mu tun farko ba, na je tsibirin Pemba ne, a yankin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, a ƙarƙashin shirin TAC da gwamnatin Najeriya ta kafa a 1987, wanda ake tura malamai da likitoci aikin shekara 2 a ƙasashen waje.

Aka ba ni 'yan aji ɗaya da aji biyu na sakandare. Da safe su miƙe su ce "Shikamoo, mwalimu", in amsa da "Marahaba" kamar yadda aka koya mini. Daga nan bakin kowa ya mutu. Yaran nan da Kiswahili suka tashi, da shi ake ciniki a kasuwa, da shi ake wa'azi, da shi aka koya musu karatu a firamare. Suna shiga sakandare sai a ce daga yau littafi da jarrabawa duk da Turanci ne. Mu ma muna da irin wannan a gida, amma a Kano idan abu ya cije malami yakan juye zuwa Hausa. Ni kuwa ba ni da inda zan juye.

Hadda kam Allah ya ba su, kusan dukkansu 'yan makarantar Alƙur'ani ne. In na rubuta ma'anar wani abu a allo, gobe za a maido mini da ita ba a tsallake ko waƙafi ba. Amma in na sauya wa tambayar fuska kaɗan, sai a yi ta kallon tebur.

Ma'aunin zafi ɗaya muke da shi a makarantar. Na sa su auna zafin ruwan da muka ajiye a rana tun safe, su zana jadawali. Da takardu suka dawo, sai na ga rabin ajin sun rubuta wai ruwan ya fi zafi da ƙarfe 8. Malamar lissafi ce ta yi dariya ta warware mini: a lissafin Waswahili daga fitowar rana ake ƙirga awa, ƙarfe 7 na safe shi ne awa ta ɗaya, don haka takwas ɗinsu ƙarfe 2 na rana ke nan. Awon yaran daidai yake. Da wani baƙo ne ke duba takardar jarrabawa, da ya zabga musu jan biro.

Ranar da ajin ya buɗe baki ita ce ranar darasin wata da cikar teku. Ni ɗan Sahel ne, a littafi na san abin. Na zana duniya da wata, na tambaya da guntun Kiswahilina yaushe ruwa ya fi janyewa. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ɗaga hannu. Uwarta na noman ciyawar teku, sana'ar da mata da yawa ke yi a gaɓar tsibirin, kuma sai ruwa ya janye sosai ake shiga gonar. Ta ce wannan na faruwa ne a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Wani ɗan masunci ya karɓe, ya ce ruwa na cika sau biyu a yini, kuma kullum yana makara da kusan awa guda. Littafinmu minti 50 ya ce. Gardama ta kaure, har shugaban makaranta ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi.

Tun daga ranar na sauya tsari. In na kawo tambaya, sai su zauna rukuni-rukuni su yi musu da Kiswahili iya son ransu, sannan kowane rukuni ya rubuto jimla biyu da Turanci, mu gyara tare a allo. Aikin na cin lokaci, manhaja kuwa ba ta jira, ga jarrabawar ƙasa ta aji biyu a gabansu. Wani abokin aikina bai ji daɗi ba. Ya ce, "Mwalimu, ranar jarrabawa ba wanda zai fassara musu." Gaskiya ya faɗa. Sai dai a ganina takardar tana fara auna Turancin yaro ne kafin ta kai ga kimiyyarsa, kuma wanda ya gane abu da harshensa ya fi saurin nemo masa Turanci a kan wanda ya haddace jimlar da bai san cikinta ba.

Muna cikin haka kakar kanumfari ta shigo, aka shimfiɗa tabarmi ana shanya a kowane gefen titi, kujerun ajina suka fara zama wayam. Yadda muka ƙare da iyayen yara, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.